Ma'aunin Tsoro: Tsokaci a Kan Zaɓin Masu Karatu a Labaran Dodanni da Al'ajabi

Duk wanda ya saurari hirar ɗalibai a kan littattafan da suke ba juna aro zai lura cewa ƙagaggun labarai na ban tsoro da na al'ajabi sun sami gindin zama a tsakaninsu. Sunayen da suka fi yawo su ne Stephen King da Bram Stoker da J.R.R. Tolkien. Idan kuwa aka tambayi mai yabon littafi dalilinsa, amsar ba ta cika wuce cewa ya hana shi barci ba, ko kuma dodon da ke ciki ya fi na wancan muni. Wannan ma'auni ne muke son mu yi wa tarke, domin a ganinmu yana sa a yabi littafi a kan abin da ba shi ne ƙashin bayansa ba. Abin da ke riƙe irin wannan labari shi ne dokar da marubuci ya kafa wa duniyar da ya ƙaga, da kuma farashin da ake biya idan an taka ta.

Mu fara da Dracula na Stoker, wanda ya fito a 1897. Masu karatu sukan tuna haƙora da shan jini, amma abin da ya ɗaure labarin shi ne iyakokin dodon. Ba ya iya shiga gida karon farko sai wani na ciki ya gayyace shi, kuma ba ya samun hutu sai a kan ƙasar mahaifarsa, shi ya sa ya yi jigilar akwatuna 50 na ƙasa zuwa Ingila. Da abokan gabarsa suka gane haka, sai suka bi akwatunan suna lalata masa su. Da a ce babu abin da ya gagare shi, da labarin ya ƙare tun a babi na uku.

Littafin da aka fi zalunta a irin wannan hira shi ne Frankenstein na Mary Shelley, wanda aka buga a 1818, tana da shekara 20. Sau da yawa akan ce bai ba da tsoro ba, kuma mafi yawan masu faɗin haka sun ɗauka sunan dodon ke nan. A gaskiya Victor Frankenstein ɗalibin kimiyya ne da ya harhaɗa jiki ya sa masa rai, da ya ga muninsa ya gudu ya bar shi. Halittar ba ta ma da suna. Hoton gabjejen dodo mara magana daga fim ɗin 1931 ya samo asali. A littafin kuwa halittar ta koyi magana da karatu ta hanyar leƙen wani iyali daga maɓoyarta, kuma ta iya kafa hujja fiye da wanda ya yi ta. Abin da ta roƙa shi ne abokiyar zama. Victor ya amsa, ya fara aikin, sannan ya yayyaga shi a kan idonta. Sakamakon haka ta kashe amininsa, ta kuma kashe amaryarsa Elizabeth a daren aurensu. Tsoron da ke nan ba na firgita ba ne, na uba ne da ya haifa ya ƙi reno, kuma wanda ya karanta a natse zai rasa wanda zai ɗora wa laifin gaba ɗaya.

Shi kansa King, inda ya fi gwaninta nan ya bi. A Pet Sematary na 1983, likita Louis Creed ya riga ya ga yadda kyanwarsa ta dawo a gurɓace bayan ya binne ta a wata tsohuwar maƙabarta, amma da babbar mota ta kashe ƙaramin ɗansa, sai ya kai shi can yana sane. Haka zoben Tolkien: yana ɓoye mai shi daga idon mutane, yana kuma cin zuciyarsa, har Frodo ya kasa jefa shi a wuta da hannunsa.

Abin mamaki, ba a cika jin sunan Amos Tutuola a wannan hira ba, alhali muna zaune kusa da mahaifar labaransa. A The Palm-Wine Drinkard na 1952, wata budurwa da ta ƙi duk maneman aurenta ta bi wani kyakkyawan baƙo daga kasuwa. A hanya sai ya riƙa mayar da gaɓoɓin da ya yi haya ga masu su, yana biyan kuɗi, har ya rage ƙoƙon kai kawai. Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba, domin muna da tatsuniyar yarinyar da ta ce ba ta auren mai tabo, ta ƙare a hannun maciji.

Da wannan ma'auni ya kamata mu dubi namu. Ganɗoki na Bello Kagara, na 1934, yana da zafin harshe da kirari mai motsa jini, kuma kashin da ya shafi yaƙi da Turawa yana da nauyi, saboda a nan akwai abin da jarumin ya rasa. Da zarar shi da ɗansa Garba Gagare suka shiga duniyar aljannu kuwa, nasara ta zama ruwan dare, mai karatu ya daina yi masa fargaba. Wannan rauni muke yawan gani a rubuce-rubucen da ɗalibai ke kawowa: aljani mai kai bakwai, takobin tsafi da ba ya dakushewa, da jarumin da ya koma gida ko ƙwarzane babu.