Gadon Mota Ba Ya Girma Tare Da Yaro

Kafintocinmu sun samu sabuwar kasuwa. Duk wanda ya bi ta gaban shagunan kayan ɗaki a Kano ko Kaduna a 'yan shekarun nan ya ga gadon yara mai siffar motar tsere, ja wur, har da tayoyi da fitilu. Na 'yan mata kuma ruwan hoda ne, da rumfa da labule. Uwa ta gani a Instagram, ta tura wa kafinta hoton, shi kuma ya ce, "An gama, Hajiya." Kuma suna fitar da shi tsaf. Ban raina hannunsu ba, don yanka lanƙwasar nan da feshin fenti mai sheƙi ba aikin ɗan koyo ba ne.

Damuwata ita ce da yaron yau ake auna gadon, alhali yaro ba ya tsayawa. Ɗan shekara 4 tsayinsa kusan mita 1 ne, daga nan yana ƙara santimita 5 zuwa 6 duk shekara, in ya doshi balaga kuma ya miƙe gaba ɗaya. Yawancin gadajen motar da nake gani gajeru ne, kuma ko an yi shi da tsayi, ɗan shekara 10 ba zai yarda abokansa su shigo su tarar yana kwana a cikin mota ba. Ga kuma batun katifa. Mai ƙafa uku da ƙafa shida kana samunta a kowane shagon Vitafoam ko Mouka, amma gado mai ƙunƙuntaccen gaba sai an yanka masa tasa, kuma ranar da aka yar da gadon ita ma ta tashi aiki.

Sai abin da ake yin gadon da shi. Kusan dukkansu da allon MDF ne, wato garin katako da aka cakuɗa da gam aka matse. Yana da santsi, yana shan fenti, yana yankuwa yadda ake so, shi ya sa kafinta ke ƙaunarsa. Amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, ɗakin yara kuwa ɗakin ruwa ne: fitsarin kwance, kofin shayi da ya kife, tsumman goge ƙasa da ke lasar gindin gadon kowace safiya. Duba ƙasan irin wannan gado bayan damina biyu. Za ka ga gefen ya kumbura, fentin ya ɗaye, in ka sa farce garin na zubowa. Sukurun da aka ɗaura a cikinsa kuma, in aka kwance shi aka mayar, ba ya kamawa kamar da. Mai zaman haya da ke tashi daga wannan gida zuwa wancan ya san ma'anar wannan. Balle a ce yara uku sun mai da gadon filin tsalle, abin da babu tsawar da ke hana shi.

Na san amsar kafinta: katako ya yi tsada. Gaskiya ne. Wanda ya shiga 'Yan Katako a Na'ibawa ya tambayi kuɗin maɗaci zai dawo jikinsa a sanyaye, kuma in aka haɗa ka da ɗanyen katako, hunturun farko zai tsage ko ya murɗe. Duk da haka gadon busasshen katako, ko na ƙarfe da mai walda ya yi da kyau, yaya zai bar wa ƙane, ƙane ya bar wa auta. Na MDF sau da yawa ba ya kai ko mai shi na farko ƙarshen firamare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidan sauro. Gadon ƙarfe mai rumfa na iyayenmu mata, wanda yanzu ake yi wa kallon ƙauyanci, yana da sanduna huɗu da ake ɗaura gidan sauro ya tsaya cak. Gadon mota ba shi da inda za a ɗaura komai. Sai a buga ƙusa a bango, a ja igiya, ragar ta yi lako-lako ta kwanta a jikin yaro, sauro ya cije shi ta cikinta. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne suka fi mutuwa, ban ga dalilin ƙera gadon yaro babu sanduna ba. Allon kan gadon da ake naɗewa da soso da yadi mai maɓallai ma ban so shi a ɗakin yara. A irin lungunan nan kuɗin cizo ke ɓuya.

Cikin sababbin yayin, wanda na yarda da shi shi ne gado mai hawa biyu. Ɗakunan haya sun matse, addini kuma ya yi umarni a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara 10, to ga hanya. Sai dai kafintoci da yawa hoton suke kwaikwayo, ba awon ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka na cewa kada ɗan ƙasa da shekara 6 ya kwana a sama. Dokar Amurka kuma ta ce shingen ya ɗara saman katifa da inci 5 aƙalla, ratar da ke jikinsa kada ta wuce inci 3 da rabi, don kada jikin yaro ya zurma kansa ya maƙale. Nan kuwa sai a yi shinge daidai, a zo a ɗora katifa mai kauri ta shanye shi. Don haka a fara zaɓen katifar, a ba kafinta kaurinta. Kuma kafin a biya kuɗin kafin alƙalami, a kai shi ɗakin ya ɗaga kai ya ga inda fankar sama take.