Sarki da Jak a Teburin Dala Huɗu: Nazarin Matsakaiciyar Karta a Wasan Foka

A gidajen karta na jihar Kalifoniya, irin su Commerce da Bicycle da ke kewayen Los Anjeles, an daɗe ana buga wani nau'in foka mai ƙayyadadden zubi. Tun 1987, lokacin da aka halatta wasan Hold'em a can, ƙananan tebura suka cika da 'yan fansho da direbobi da ma'aikatan da suka tashi aiki. Tsarin ba shi da wuya. Kowa yana karɓar karta biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya waɗanda kowa zai haɗa da nasa: uku a tashi ɗaya, sai ta huɗu, sai ta biyar. A teburin dala 4 da 8, zubi da ƙari dala 4 ne a zagaye biyu na farko, dala 8 a biyun ƙarshe. Ba wanda ya isa ya tura duk kuɗinsa don ya razana abokin wasa.

Wannan caca ce, kuma hukuncin caca a Musulunci sananne ne, haramun ce. Ban ɗauko zancen don in kwaɗaita wa kowa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne Amurkawa sun yi shekaru suna rubuce-rubuce a kan tambaya guda mai nauyi: me mutum zai yi da abin da yake da ƙarfi, amma ƙarfin bai kai a dogara da shi ba?

A ce kana riƙe da Sarki da Jak. Mutum shida sun shiga, kowa ya zuba dala 4, tulin tsakiya ya zama dala 24. Aka buɗe Sarki da 9 da 4, biyu daga cikinsu masu alamar zuciya. Yanzu kana da sarakuna biyu, kuma babu tagwayen da suka fi su a abin da aka buɗe. Sai dai 'yar rakiyarka, wato Jak, ba ta da nauyi. Duk wanda ke da Sarki da As, ko Sarki da Sarauniya, ya riga ka. Mai zuciya biyu a hannu yana jiran ta biyar. Mai 9 yana jiran wata 9. Mai yiwuwa kai ne kan gaba, amma mutum biyar na bin sawunka.

Na hannun damanka ya zuba dala 4. Zuciya takan ce a bi shi kawai a ga yadda za ta kaya, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. In ka bi, tuli ya zama dala 32, na bayanka zai biya 4 don neman 32, wato takwas a kan ɗaya. In yana da 9 da wata karta, guda biyar cikin 47 da bai gani ba za su ɗaga shi sama da kai. Lissafinsa ya kusa daidaita, kuma in aka haɗa da abin da zai ci a gaba, bai yi wauta ba da ya bi. Amma in ka ƙara, tuli ya zama dala 36, shi kuma sai ya biya 8. Farashin ya faɗo zuwa huɗu da rabi a kan ɗaya. Ko ya janye ka rage mai farautarka, ko ya biya abin da bai kamata ba. Mai jiran zuciya ba zai tafi ba, kuma yana da gaskiya, domin kusan kashi 35 cikin 100 zai samu kafin a gama. Ƙarin ba don shi aka yi ba.

David Sklansky, wanda ya fitar da littafinsa na farko a kan Hold'em a 1976, shi ya kafa wannan salon tunani: ribarka tana fitowa ne daga kuskuren abokin wasa, aikinka kuwa ka sa masa farashin da zai mai da binsa kuskure. Littafin Lee Jones na 1994, Winning Low Limit Hold'em, ya koya wa sababbin shiga taka-tsantsan. Sai a 2004 Ed Miller da Sklansky da Mason Malmuth suka fitar da Small Stakes Hold'em, suka nuna cewa yawan taka-tsantsan a tulin da ya girma shi kansa asara ne. A ganina su ne suka fi kusa da gaskiya, kuma hujjarsu ta fi fitowa a karta ta ƙarshe.

An buɗe ta biyar, wani ya zuba, tuli ya kai dala 80, ana nemanka da 8. Jikinka ya ba ka an cinye ka. Amma ba sai ka fi shi a mafi yawan lokuta ba. In sau ɗaya cikin goma sha ɗaya kai ne da nasara, ka mai da kuɗinka. Wanda ya bi ya faɗi ya yi asarar dala 8. Wanda ya ajiye kartar da ita ce mai ci ya yi asarar 80. Mutane da yawa suna jin daɗin a ce sun iya haƙura, suna ganin janyewa alamar gwaninta ce, alhali kurakuran biyu ba su ko kusa da juna wajen tsada. Wannan ne ya sa nake ganin girman tuli ya fi ƙarfin karta muhimmanci: Sarki da Jak ɗin nan, a karta ta ƙarshe, a tulin dala 24 za a iya sakin su ba da-na-sani, a tulin dala 80 sai an ga abin da ke hannun mutum.

Akwai wurin da janyewa ke da hujja. 'Yan ƙananan tebura masu bi ne, ba masu ƙari ba. Dattijon da ya shafe sa'a biyu yana bi shiru, in ya ɗaga zubi zuwa dala 16 a karta ta huɗu, da wuya ya zama burga. Yawanci tagwaye biyu ne, ko uku iri ɗaya. Ƙari daga matashin da ke ƙarawa a kowane zagaye wani abu ne dabam. Kartarka ɗaya ce, amsar ta bambanta da wanda ya yi tambayar. Wannan halin nasu na bi kuma yana nufin in kowa ya wuce a zagayen ƙarshe, ka zuba. Za su biya ka da 9, wani lokaci har da 4, don kawai su gani da idonsu.

Dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta jinkiri. In an yi ƙari tun kafin a buɗe karta, mutum shida sun sa dala 48. A nan ko wani ya zuba ka ƙara bayan ukun farko, na bayanka zai biya 8 don neman 60, bakwai da rabi a kan ɗaya, ba wanda zai motsa. Don haka wani lokaci gwani yakan bi kawai, ya jira ta huɗu. In ta fito lafiya, ƙarinsa ya zama dala 16, kuma saura karta ɗaya kacal ga masu jira. In ta fito zuciya ko As, ya tsira da kuɗinsa.

Bayan Chris Moneymaker ya ci dala miliyan 2.5 a gasar duniya ta Las Begas a 2003, jama'a suka karkata ga wasan da ba shi da iyakar zubi, teburan ƙayyadadden zubi suka ragu. A 2015 kuma masana a Jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin Michael Bowling, suka sanar cewa manhajarsu Cepheus ta kusan warware wasan ƙayyadadden zubi baki ɗaya, amma na mutum biyu. Teburin mutum shida masu bi ba lissafi bai shiga wannan sakamako ba.

Sai batun la'ada, wanda shi ne ya fi cutar matsakaiciyar karta. Gida yana cire 'yan daloli daga kusan kowane tuli. A ce dala 4 ce, kuma ana raba karta sau 30 a sa'a: dala 120 ke barin teburin kowace sa'a, yayin da abin da ake ɗauka gwani zai iya samu bai wuce babban zubi ɗaya ba, dala 8. Ribar Sarki da Jak siririya ce tun asali, la'ada kuma daga cikinta take yanka. Shi ya sa masu lura sukan ajiye su tun farko in suna cikin waɗanda za su fara magana, ko in wani mai natsuwa ya riga ya ƙara, domin a gaban As da Sarki kusan sau uku cikin huɗu faɗuwa suke yi.