Gwanin Bin Sawun Manhaja a Cikin Kwantena

Manhaja ta tsaya cak. Ba ta mutu ba, ba ta kai ƙara ba, ta dai daina amsawa. Yawancin mutane sai su kashe na'urar su sake kunnawa. Gwanin wannan sana'a ba ya yin wannan gaggawar, don ya san kashewa na share shaida.

Makaminsa na farko shi ne strace, 'yar manhajar da Paul Kranenburg ya rubuta a 1991 don SunOS, daga baya aka kawo ta Linux. Aikinta kasa kunne. Duk abin da manhaja ta roƙi zuciyar tsarin, wadda ake kira kernel, buɗe fayil ne ko karatu ko aika saƙo, sai strace ta rubuta shi layi-layi haɗe da amsar da aka bayar. A kwamfuta guda abin da sauƙi. Inda gizo ke saƙa shi ne idan manhajar tana zaune cikin kwantena, irin wadda Docker ya yaɗa tun 2013, fayilolinta kuma suna can wata na'ura ana jawo su ta NFS, tsarin da kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1984.

Kwantena tamkar ɗaki ce a gidan haya: kowa da ƙofarsa, kayansa kaɗai yake gani, amma harsashin ginin ɗaya ne. Shi ya sa aikin da ke da lamba 1 a ciki, a wurin uwar na'urar da ke ɗauke da kwantenar lambarsa daban ce. Gwani yakan leƙa layin NSpid a ƙarƙashin /proc ya haɗa lambobin biyu kafin ya taɓa komai. In kuwa strace ta ce an hana ta, ya san ƙofofin da ake rufewa: ikon SYS_PTRACE da ba a bai wa kwantenar ba, matatar seccomp wadda Docker ke toshe bin sawu da ita kafin fitowar 19.03, ko kuma makullin Yama. Sabon shiga sai ya ɓalle su duka don ya huta. Gwani kuwa yakan tsaya daga waje, a kan uwar na'urar, ya bi sawun daga can, shingen yana nan daram.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake karanta shiru. Wani lokaci strace za ta liƙe wa manhajar, sai ko layi ɗaya ba ya fitowa. Wani zai ce kayan aikin ne ya lalace. Gwani kuwa sai ya duba halin da aikin ke ciki, ya ga harafin D, alamar barci mai nauyi a cikin kernel. Manhajar ta miƙa buƙata, tana jiran amsa daga ma'ajiyar fayil da ta yi gum. Da gangan aka gina NFS haka: in an ɗaura shi ɗaurin hard, zai yi ta maimaita roƙo ba iyaka, don gara jira da asarar bayanan mutane. Daga nan sai ya bar kwantenar gaba ɗaya, ya karanta saƙonnin kernel, ya ɗana tcpdump a kan mashiga 2049 ta NFS ya ga ko roƙon na fita, ko amsar ce ba ta dawowa.

Akwai kuma tarkon root_squash. Manhaja na ganin ita ce mai cikakken iko a ɗakinta, ma'ajiyar kuwa ta mai da ita baƙuwa mai lamba 65534, ta hana ta rubutu. A cikin kwantena za a ga ƙin, amma hukuncin can aka yanke shi, kuma a fayil ɗin /etc/exports na ma'ajiyar gwani zai je ya gyara.