Karin Magana a Matsayin Madogara: Sharhi kan Tsarin Toulmin

A littafinsa The Uses of Argument na shekarar 1958, masanin falsafar nan na Ingila, Stephen Toulmin, ya kasa hujja gida shida. Uku daga ciki su ne ginshiƙai: da'awa, wato abin da marubuci yake so a yarda da shi, dalili, wato abin da ya kawo don tallafa mata, sai madogara, wato ƙa'idar da ta halatta a tashi daga dalili a sauka kan da'awa.

Auna hujja ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman zaure sun san ƙiyasin mantiƙi mai muƙaddima biyu da natija, kuma Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya kare ilimin mantiƙi daga sukan Suyuɗi. Gudummawar Toulmin ita ce lura da cewa a zancen yau da kullum ba a cika furta madogara ba, ɓoye take.

Bahaushe kuwa yakan furta ta, amma da karin magana. Dubi wannan: "Yaron nan zai iya ƙira, domin ubansa maƙeri ne, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Ga da'awa, ga dalili, ga madogara, tsarin ya cika. To, amma abokin jayayya zai ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, shi ma karin magana ne, kuma ya rushe na farko. Wanne za a ɗauka?

A ganina nan ne raunin tsarin yake. Yana nuna wa ɗalibi mazaunin kowane sashe, ba ya auna masa nauyinsa, sai ya cika gurabe ya zaci ya kafa hujja. Abin da ke rage wannan rauni shi ne sauran sassa ukun da ɗalibai suka fi tsallakewa: majingina, mai ƙarfafa madogara, ƙaidi, irin su "galibi" da "wataƙila", da togiya, mai faɗin inda da'awar ba ta aiki. Karin magana ba ya ɗauke da ƙaidi, marubuci ne zai sa masa. Da an ce "mai yiwuwa yaron ya iya ƙira, muddin ya tashi a maƙerar ubansa", da mai kawo zancen albasa ya rasa abin kamawa.