Aduwa da Tafasa: Jinjina ga Matan Ƙasar Katagum

Duk wanda bai ci kwaɗon tafasa a Azare cikin sanyin hunturu ba, wallahi an bar shi a baya! A zuba ƙuli-ƙulin da aka daka lukui, a yanka albasa, a barbaɗa yaji da gishiri, a ɗiga man gyaɗa. Loma ɗaya, sai santi. Kuma babu wanda ya shuka ganyen nan. Allah ne ya fitar da shi a bakin hanya da gefen gona, mata suka tsinko shi tun yana ɗanyen toho da damina, suka shanya a inuwa don kada rana ta cinye korensa, suka ɗure a buhu.

Wannan tanadin shi ne ya sa nake yi musu kirari. Daga Gamawa zuwa Shira, daga Itas zuwa tsohon garin Katagum da ke bakin kogin Jama'are, inda Malam Ibrahim Zaki ya kafa masarautar, kowace uwargida ta san lokacin kowane tsiro. Lalo da karkashi da damina ake tara su. Kuka a daka ta gari. Yaɗiya kuwa ba ta jin tsoron rani, tana nan shar a jikin shinge lokacin da ciyawa ta bushe ƙurmus. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san gidaje nawa ganyayen nan suka riƙe da rumbu ya ƙare.

Amma gwanata ita ce aduwa! Mutanen Falasɗinu da Tunisiya da Girka suna alfahari da zaitun: su tsinke shi da shigowar sanyi, su jiƙa a ruwan gishiri har ɗacinsa ya fita, sauran su matse mai. To, mu ma muna da tamu. Aduwa na nuna da hunturu, yara su tsinto ta a gindin bishiya, su ɓare ɓawon su tsotsa. Zaƙi ne da ɗaci a haɗe, kuma da zarar harshe ya saba ba ya haƙura. Ƙwallon ma ba a yar da shi. A fasa, a dafa ƙwayar a yi ta sauya ruwa har ɗacin ya tafi, ko a soya a matse mai. Itacenta kuma da shi ake sassaƙa allon karatu. Wace bishiya ce ta kai ta alheri?

Roƙona ɗaya ne: masu saran itace su ɗaga wa aduwa da magarya da kanya ƙafa, 'yan mata kuma su zauna kusa da kakanninsu su koyi shanya da adana. Ku kuwa iyayenmu mata, sannunku da aiki, Allah ya saka da alheri!