Aikin Maƙeri a Bakin Siririyar Bindiga

Mafarautan ƙasar Gwandu da Kalgo, har ƙauyuka irin su Wurogauri, sun san inda adaka take fara gajiya: a baki. Akan yi gindin da kauri, don nan albarushi yake kamawa, amma ƙarfen bakin siriri ne, kuma shi ke buguwa da itace da dutse, shi tsatsa ke ci bayan damina. Shi ya sa ba kowane maƙeri ake kai wa gyaransa ba. Mai ƙera garma da lauje da ƙarfin dantse yake cin abinci, wannan aiki kuwa ƙarfin dantse ne ke ɓata shi.

Gwani ba ya fara da wuta. Zai zare bututun daga ƙota, ya ɗaga shi wajen haske, ya runtse ido ɗaya ya leƙa ciki. In da lanƙwasa, inuwar da ke ciki za ta karye. Sai ya rataye shi ya ɗan ƙwanƙwasa. Lafiyayyen ƙarfe yakan yi amo mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take, kamar ta fasasshiyar tukunya. In zai sa zoben da ke riƙe bututu da ƙota, magagari ya fi masaba aiki: ya goga kaɗan, ya gwada, ya cire, ya sake gogawa. Zoben da ya matse zai tsuke ramin, wanda ya yi sako-sako kuwa harbin farko zai zame. Ko yaron da ke zuga yakan zauna hannu biyu a ranar, don gawayin ƙirya in ya yi jawur sai ya cinye siririn ƙarfe. Dokar bindigogi ta 1959 dai ta ce mallakar adaka sai da lasisi, gyaranta ma sai da izini.

Wannan wahala ta siririn ƙarfe ce takwarorin maƙeran nan na Turai ke sha wajen ɗaura na'urar rage ƙara. Hiram Percy Maxim ne ya yi mata rajista a Amurka a 1909, kuma mahaifinsa ne ya ƙera bindigar nan mai aman wuta da sojojin Lugga suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. A Finlan da Norwe mafarauta suna sa ta bisa doka don kare kunnuwansu da na karnukansu. Finafinai ne ke nuna tana kashe ƙara ɗungurungum. A gaskiya ragewa take yi, harbin yana nan ana jin sa.

A can, sai an yanka zare irin na noti a bakin bututun, na'urar ta hau kai. To ina naman da za a yanka a jikin siririn bututu? Ka ci da yawa bangon ya raunana, ka ci kaɗan na'urar ta rasa kafaɗar da za ta zauna a kai. Abin da ya fi burge ni shi ne gwanin ba ya yarda da bayan bututu, domin ramin ciki ba lallai ne ya zauna daidai tsakiya ba. Da ramin yake auna komai, saboda karkata kaɗan ta isa harsashi ya taɓa cikin na'urar. Ga kuma nauyi: siririn bututu yakan ɗan sunkuya in an rataya masa kaya, sai an sake gyara saiti. Idan ya gama, zai zura miƙaƙƙiyar sandar gwaji ta ratsa bututun da na'urar. In ta jingina gefe guda, ba za a ɗana harsashi ba, wani lokaci ma mai bindigar a ce masa ya nemo bututu mai kauri.