Dambe a Madadin Yardar Mace: Nazari a kan Fina-finan Indiya na Soyayya da Raha a Karkarar Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarun 1950, lokacin da Kwarori, watau 'yan kasuwa mutanen Labanan, suka fara kawo fina-finan Indiya gidajen siliman Kano, Bahaushe ya karɓe su hannu biyu-biyu. A da galibi mazan birni ne ke ganinsu. Daga bisani talabijin da bidiyo suka shigar da su gidaje, masu fassara irin su Algaita suka sa musu bakin Hausa, wayar hannu kuma ta kai su ƙauyukan Ɗambatta da Bichi da Makoɗa da Minjibir, har ɗakin matar kulle. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa faɗan da ya wuce kima, wanda ake rufe irin waɗannan fina-finai da shi, yana ɗauke da hukunci a kan matsayin mace.

2.0 Zubin Labari

Bari mu ɗauki misalai biyu. A cikin Dilwale Dulhania Le Jayenge (1995), mahaifin Simran ya bashe ta ga ɗan amininsa. Mahaifiyarta ta ba ta shawarar ta gudu da masoyinta Raj, amma Raj ya ƙi, ya ce sai uban ya ba shi ita da kansa. Ba a warware maganar ba sai da aka zubar da jini a tashar jirgin ƙasa, sa'an nan uban ya saki hannunta.

A cikin Chennai Express (2013) kuwa, Meenamma ce ta tsere wa auren dole da ƙafarta. Ita ta san hanya, ita ta san harshen Tamil, Rahul kuwa matsoraci ne abin dariya. Amma da aka zo ƙarshe, sai matsoracin nan ya yi wa ubanta jawabi a kan 'yancin 'ya'ya mata, ya kayar da ƙaton da aka yi mata baiko da shi, ita tana gefe tana hawaye. Lalle an sa sunan Deepika Padukone gaba da na Shah Rukh Khan a farkon fim ɗin, to amma labarin bai ba ta wannan gurbi ba.

Abin lura a nan shi ne, yarinya ta faɗi ra'ayinta tun farko, ba wanda ya saurara. Sai da namiji ya tabbatar da shi da ƙarfin damtse ya zama magana. Ke nan daga hannun uba ta koma hannun miji, yardarta ba ta taɓa zama hujja ba.

3.0 Mai Kallo a Karkara

Budurwar ƙasar Bichi ba baƙuwar wannan matsala ba ce. A inda gonaki suka matsu, gado ya yi ta rarraba su, auren zumunta da bashe-bashen iyaye suna da ƙarfi. Sai dai hanyoyin da take bi daban suke: kai kuka ga gwaggo ko kaka, yaji, sulhun mai unguwa, daga ƙarshe zauren alƙali da neman kul'i. Duk waɗannan da bakinta da ƙafarta take yinsu. Saurayin da ya daki mutanen surukinsa a ƙauye ya rasa matar har abada. Wannan ya sa muke ganin littafin Balaraba Ramat Yakubu, Wa Zai Auri Jahila? (1990), ya fi kusa da gaskiyar wannan yarinya, domin a can ita da kanta ta nemi mafita ta hanyar ilmi.

4.0 Kammalawa

Ba mu ce dukkan fina-finan Indiya haka suke ba. A cikin Seeta Aur Geeta (1972), Geeta da hannunta ta hori waɗanda suka zalunci 'yar'uwarta. Amma zubin da ya rinjaya yana koya wa yarinya jiran gwarzo, alhali al'adarta da shari'arta sun riga sun ba ta wasu ƙofofi. Shawararmu ga manazarta ita ce su shiga waɗannan ƙauyuka su ji daga bakin matan da kansu wane ɓangare suke ɗauka, wane kuma suke yi wa dariya su wuce.